Kuɗin Sharar Ashafa

"Lafiya lau, Gwaggo. Ya hanya? Ya mutanen Ikara? Ya ƙafar taki, da sauƙi dai?"

Tukur ke nan, ɗan yayana marigayi, durƙushe a ƙofar gidansu a Kudan yana jero mini gaisuwa. Sai da ya tambayi kowa da kowa, har da tunkiyata mai tari, sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya dubi ɗana Ashafa da ke tsaye a bayana da tsintsiya a hannu.

"Gwaggo, wannan a hanya kika tsince shi, ko tun daga gida ya biyo ki?"

"Ina kwana, ubangidan da ko akuya bai ajiye ba," in ji Ashafa.

"Lafiya lau. Fara daga bakin zaure. In ka gama, akwai turken jaki a baya."

"Wane jaki? Wanda yunwa ta kora gidan maƙwabta?"

"Labarin zuwanka ya ji. Ya ce gida ɗaya ba zai ɗauke ku ku biyu ba."

Ranar goma ga watan Cika-ciki ce, damina ta kusa ɗaukewa, a shekarun nan da sojoji suka ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, sabulu da madara ma sai an bi layi. A zuriyarmu, duk ranar nan ɗan mace kan je gidan ɗan namiji ya yi masa shara, shi kuwa ya sallame shi da abin da ake kira kuɗin shara. Ashafa nawa ne, Tukur na yayana, wato taubasai ne. Tukur ubangida, Ashafa bawa. Duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ya wuce, ba fushi, ba kai ƙara. Kowannensu ya ba talatin da biyar baya, da mata da 'ya'ya, amma in sun haɗu sai ka ce jiya aka yaye su. Ni dai ina azumi ran nan, na samu gefen tabarma a zaure na zauna da carbina.

Bana ba shara kaɗai ta kawo mu ba. Shekara goma sha biyu Ashafa yana jan motar mutane, ya kai tumatir da rake kudu, ya dawo ya miƙa wa mai mota abin da aka samu, a ba shi abin da aka ga dama. Sai ga shi an yi masa tayi ta hanya biyu, irin tayin da ake ba direba mota ya riƙa aiki da ita yana biya kaɗan-kaɗan har ta zama tasa. Ɗaya wani kamfani ne a Kaduna, sabuwar mota fara tas, biya shekara huɗu. Ɗayan kuwa Alhaji Inuwa ne na Makarfi. Tasa tsohuwar roka ce, babbar motar kaya mai dogon hanci da bodin katako, a gwanjo ya saye ta ya sake mata fenti, biya shekara biyu. Duka biyun sun ce sai an kawo mai tsayawa, mutumin da yake da ƙasa. A danginmu kuwa babu mai ƙasar kirki sai Tukur, da ke riƙe da fadamar raken da mahaifinmu ya bari. Ita ke ciyar da gidansa, ni ma daga cikinta ake aiko mini.

Ran Ashafa yana kan farar nan. Hotonta yana aljihunsa, har ya yi laushi don yawan fitarwa. Ni ban san ƙarfe ba, bokona kuma bai wuce in haɗa wasiƙa da Hausa ba, sai na kai takardar kamfanin wurin maƙwabcinmu Malam Ilisha, malamin firamare, ya fassara mini ita layi-layi. Tun ran nan abinci ya daina yi mini daɗi. Na ce da Ashafa abu ɗaya nake roƙo, ya aro rokar Alhaji mu kai wa Tukur ya saurari injinta, abin da Tukur ya yanke shi za a bi, ni ma ba zan ƙara magana ba. Ya yarda. Alhaji ya ba da ita, da sharaɗin a kawo masa amsa kafin la'asar, don akwai wani direba daga Paki da ke jira.

Abin da ya sa na ce Tukur, shi direba ne tun Ashafa bai san birki ba. Shekara goma sha ɗaya yana jan motar gwamnati, yana raba taki ƙauye-ƙauye. Da aka zo rage ma'aikata, wata safiya ya tarar da sunansa a takardar da aka manna a ƙofar ofis. Ya dawo gona. Tun daga nan abin da ya mallaka mai taya shi ne keke. Shi ya koya wa Ashafa tuƙi, amma a akori-kurar wani maƙwabci, don motar gwamnatin nan ko sitiyarinta bai taɓa bari wani ya dafa ba.

Ashafa ya ja tsintsiya sau uku a bakin zaure ya ce ya gama. Tukur ya ce kaza ma in ta yi tono ta fi haka gyara wuri. Ashafa ya ce dattin gidan nan ba a ƙasa yake ba, ga shi nan tsaye yana magana. Ya saƙale tsintsiyar a hammata, ya ce ba zai ajiye ta ba sai an biya shi. Suka zauna, ya shimfiɗa takardu biyu da hoton a tabarma.

Tukur ya ɗauki hoton, ya nisanta shi, ya matso da shi.

"Bawa da farar mota, ubangida da keke. Lallai an kusa tashin duniya."

"In na same ku a hanya kai da keken zan rage muku. Kuɗin mutum ɗaya zan karɓa, don ba a san wanda ke ɗauke da wani ba a cikinku."

"Faɗo mini abin da suka rubuta, in kanka ya riƙe."

Ashafa ya faɗi yadda Malam Ilisha ya fassara. Ƙarshen kowane wata a kai kuɗi ofishinsu a Kaduna. In aka yi wata biyu ba a kai ba, su karɓe mota, abin da aka biya a baya ya zama kuɗin haya. In ta lalace, garejinsu kaɗai za a kai ta. In darajar naira ta faɗi, su sake duba farashi. Abin da ya rage kuma a bi mai tsayawa.

Tukur ya ajiye takardar da yatsa biyu kamar wanda ya ɗauko mataccen ɓera. Ya ce wannan ba sayar da mota ba ne, neman direba ne na kyauta. Ya ce yanzu da taya ɗaya ta kusa kuɗin bijimi, kayan gyara kuma a zaga Zariya da Kano a rasa, mutum zai kwanta zazzaɓin damina ya tashi ya tarar ba mota, ba fadama, sai hoton nan. Naira kuwa, in ji shi, kullum faɗuwa take kamar yaro mai koyon tafiya.

"Duk wanda ya dangwala yatsa a wannan, a kai shi a yi masa rubutu ya sha. Ta Alhaji fa?"

Ta Alhaji shafi ɗaya ce, da Hausa. Duk ranar kasuwar Makarfi a kawo abin da aka yi alkawari. In ruwa ya yanke hanya ko mota ta kwanta, a zo a faɗa a gaban shugaban direbobin tasha, a ɗaga. In kayan Alhaji sun taso, su ake fara ɗauka. Gyara na direba ne, wurin bakaniken da ya ga dama. Tukur ya gyaɗa kai. Ya ce Alhaji Inuwa mutum ne da za ka yi wa sallama ka zauna ka yi masa bayani, kamfani kuwa ba shi da zaure. Saura dai a ga ko motar mota ce.

"Kai dai faɗi gaskiya, hassada ce ta hana ka yabon farar," in ji Ashafa.

"Hassadar me? Na ja motar da in na shiga ƙauye mai gari ke aiko mini da fura. Kai kuwa ruɓaɓɓen tumatir ke raka ka har gida."

"Da ke nan. Yanzu ƙararrawar keke kake bugawa, awaki ma ba sa matsa maka."

Tukur ya yi dariya, gajeriya, ya sunkuya yana gyara bakin tabarmar da ba abin da ya same ta.

Lungun gidan ya yi taɓo, shi ya sa muka bar motar can bakin titi, ƙarƙashin wata ɗorawa. Muka fita mu uku. Ni na bi su ne don na manta ƙullin da na kawo wa Kulu matar Tukur a gaban motar, daddawa ce da wutsiyar ragon layya da na adana don miyar ranar.

Tukur yana gaba, yana ba ni labarin da na ji sau ɗari, yadda Ashafa lokacin koyo ya bar titi fetal ya shige rumbun mutane da akori-kura, ya fito da dawa a hula. Muna shan kwana ya ga motar, labarin ya tsaya masa a baki. Shuɗiya ce, an rubuta mata addu'a a goshi. Ashafa ya hau ya tayar da ita. Ta yi tari sau biyu ta kama. Tukur ya karkata kai, ya lumshe ido, na ga leɓensa yana motsi kamar mai bin karatun da ya haddace. Ya jima a haka. Sannan ya buɗe ido.

"Kashe ta haka nan, kada kajin unguwa su daina ƙwai."

Daga nan ya shiga. Ya ce wannan tare da jirgin ƙasa Turawa suka kawo ta. Ya ce ba inji ne a cikinta ba, tsofaffin maƙera ne guda shida suke faɗa. Ya ce hayaƙinta zai kori sauro daga nan har Hunƙuyi, kamata ya yi a kai ta asibiti a ba ta aiki. Ashafa yana sama yana ƙyaƙyata dariya yana ramawa. Ya ce ai shi ya sa ya kawo ta nan, tsoho ne zai gane yaren tsohuwa. Ya ce in ta gaji a hanya sai a aiko a ɗauki Tukur da kekensa su ja ta, ya samu aikin yi.

"Za ta kai ka kudu, amma jikokinka ne za su dawo da ita."

"Ko su ne, ai tamu ce."

"Fentin nan ne ya riƙe ta. Ranar da aka wanke ta da sabulu, a kwando za a kwashe ta."

"Ina sabulun yake? Ka ga ta tsira."

"Giyarta ta uku ma ba ta shiga sai an roƙe ta."

Nan Ashafa ya daina dariya, don wannan gaskiya ce. A hanyarmu ta zuwa sau biyu giyar ta yi masa gardama, har ni na ji ƙarar. Ya sauko. Wahalar wasan taubasai ke nan, mutum zai kwashe awa guda yana kushe abinka, ba ka san inda wasa ya tsaya gaskiya ta fara ba.

"Yaya Tukur," in ji shi. Rabon da in ji ya kira shi haka tun zaman makokin mai gidana. "Ajiye wasa. Inna ta ce abin da ka yanke shi za a bi. Motar nan za ta yi mini shekara biyu?"

Tukur bai dube shi ba, tayar gaba yake kallo.

"Ba za ta yi ba."

"Da gaske kake?"

"Na ce ba za ta yi ba. Mayar wa Alhaji abarsa. Kawo ta kamfanin in dangwala maka."

"Wadda ka ce a yi wa mai dangwalawa rubutu?"

"Yatsana ne, fadamata ce. Ba fara kake so ba? Ka samu."

Na ga fuskar Ashafa ta saki, hannunsa ya tafi aljihun da hoton yake. Ni kuwa carbi ya tsaya mini a hannu. Na tuna mahaifinmu yana haƙa rijiyoyin fadamar nan, ni ina ƙarama ina kai masa kunu. Ni na ce a bi maganar Tukur, ga Tukur ya yi magana. Ban san inji ba balle in ce ba haka ba ne. Abin da na iya cewa kawai, a miƙo mini ƙullin Kulu mu koma ciki.

Ƙullin yana ɓangaren fasinja. Ƙofar wannan ɓangaren kuwa da safe a Ikara Ashafa ya yi ta kokawa da ita, ya ja, ya buga, mai shayin bakin tasha ya zo suka haɗu, ta ƙi buɗewa. Ƙarshe ta wajen direba aka turo ni da ƙafata mai ciwo, ta nan kuma na fito. Ashafa ya juya zai zaga, sai Tukur, da yake ya fi kusa kuma ba ya bari in faɗi abu sau biyu, ya taka matakala, ya tokare ƙasan ƙofar da gwiwa, ya ɗan ɗaga mariƙin sama, ya ja. Ta buɗe ko ƙara ba ta yi ba. Ya ɗauko ƙullin. Kafin ya sauko, ya sa bakin hannun rigarsa ya goge madubin gefe.

Sau ɗaya na taɓa ganin an buɗe ƙofar mota haka. Shekara bakwai ke nan, ranar da ciwon mai gidana ya tsananta, Ashafa yana kudu, Tukur ya zo da motar gwamnati, koriya, ya kai mu asibiti Zariya. Ni na zauna a bakin ƙofar, kan mai gidan nawa a kafaɗata. Allah ya jiƙansa, bai dawo gida ba.

Na karɓi ƙullin, na ce, "Tukur, har yanzu sai an ɗaga ta take buɗewa?"

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a matakala.

Ashafa ya dube ni, ya dube shi. Ya matso ya leƙa cikin ƙofar, can lungun da mai fenti bai kai hannu ba. Kore ne shar.

"Ashe ba kunne ba ne," ya ce a hankali. "Ni dai na ce wane irin kunne ne ke jin giya ta uku mota tana tsaye."

"Rufe mini baki."

"Ashe taka ce."

"Ta gwamnati ce."

"Shi ya sa ka goge mata madubi."

"Datti na gani. Bawan gidan ba ya aikinsa."

Amma muryar ba ta fita yadda ya so ba. Ya zauna a kan matakalar, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce ranar gwanjon ya je Zariya, da kuɗin rakensa na shekara guda a aljihu. Kafin ya buɗe baki masu kuɗi sun wuce abin da ya zo da shi nesa ba kusa ba. Ya tsaya a bayan mutane har aka fita da ita. Bai gaya wa kowa ba, ko Kulu, ya ce mata asibiti ya je dubiya. Bai san hannun da ta faɗa ba sai yau da ya ji muryarta.

"Shekara goma sha ɗaya ina wanke ta da hannuna. Ni aka ce ba a buƙata, ita ma aka ce ba a buƙata. Yau kuma in buɗe ido in ga yaron da na koya wa riƙe sitiyari, wanda ya shige rumbu, ya wuce ta gabana a cikinta yana yi mini hon, ni ina kan keke. Kuma da yatsana."

"Shi ne gara fadamar Kaka ta tafi," in ji Ashafa.

"Lokacin da na faɗa, wallahi gara ta tafi." Ya dube ni ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, ki yafe ni."

Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Na zaci Ashafa zai shiga lallashi. Ashe ɗana ya fi ni sanin taubashinsa. Ya gyara tsintsiyar a hammata, ya ce shi ke nan, magana ta ƙare. Ba zai jefa fadama a wuta ba, kuma ba zai ƙona wa ubangidansa rai ba. Ba ya son fara, ba ya son shuɗiya. Zai mayar wa Alhaji motarsa tun azahar, ya koma jan ta mutane yadda ya saba. Dama ga direban Paki yana jira.

Tukur ya ɗago kai. "Wane direban Paki? Dogon nan mai haƙorin azurfa?"

"Shi."

"Wanda ke sa giya kamar mai kirɓa fura a turmi? Wanda ya ƙone inji biyu a shekara ɗaya don ƙyuyar duba ruwa?"

"Alhaji ya ce in ban ɗauka ba tasa ce. Ka ga shi ba ya bi ta Kudan, hankalinka kwance."

"Wata uku zai kashe ta."

"Ai ka ce ba za ta yi shekara biyu ba."

"A hannun mahaukaci nake nufi."

"To a hannuna fa?"

"Kai ai rabin mahaukaci ne."

Ya miƙe ya zaga motar sau ɗaya, yana dafa ta nan da can yadda ake dafa saniyar da aka sani tun tana maraƙa. Ya dawo ya yi magana, wannan karon kowa ya ji ba wasa a ciki. Ya ce injin nan sau ɗaya aka taɓa buɗe shi, kuma yana tsaye a kai aka yi aikin. In ana duba ruwa da baƙin mai kowace safiya, ba a yi mata lodin zalunci ba, za ta yi shekara goma ba ta nemi komai ba sai taya. Giya ta uku kuwa, a taka kuloci sau biyu a ɗan saurara mata, ba ta son dole ne kawai. Shekara biyun Alhaji ba komai ba ne a wurinta. Ita kuwa farar, in dai da waccan takardar ce, ko kyauta aka ce ta yi tsada.

"Kuma na sake tunani," ya ce. "In ka gama biya, wa ya mallake ta?"

"Ni."

"Kai kuma na wane ne?"

"Na wanda ya biya kuɗin shara. Tun safe nake yawo da tsintsiya, ko sisi ban gani ba."

Tukur ya karɓi ƙullin Kulu daga hannuna, ya ce mu jira shi. Ya bi lungu da sauri taɓo yana fallatsa masa a wando. Ya ɗan jima. Da ya dawo ya sake riga, ya sa hular zuwa unguwa, hannunsa ɗaya a dunƙule. Ya buɗe. Makulli ne, ɗaure da igiyar fata da ta yi baƙi don riƙo. Ya ce na gwamnati ya mayar musu tun ranar da aka sallame shi. Wannan da kuɗinsa ya sa aka yanka masa a Sabon Gari saboda ɓacin rana, shekara uku yana ƙasan akwati tare da takardar sallamar.

"Ga kuɗin shararka. Na bana, da na baɗi, da na shekara goma masu zuwa. Kada in ƙara ganinka a ƙofata da tsintsiya."

Ashafa ya kama makullin. Tukur bai saki igiyar ba.

"Saki mana."

"Na saki."

"Inna, ki duba, ya saki?"

Na ce ni mai azumi ce, a bar ni.

"Lodin farko rakena ne," in ji Tukur. "Kyauta."

"Rabin kuɗi."

"Kyauta. Kuma in ka zo wucewa ta nan, ba hon."

"Hon ɗaya."

"Ƙarami. Kuma daga nan zuwa Makarfi ni zan ja."

"Lasisinka ai ya mutu."

"Ya mutu, amma ita ba ta sani ba."

Ashafa ne ya saki. Ya ciro hoton farar motar ya cusa wa Tukur a aljihu, ya ce ya manna wa kekensa don ya san abin da zai zama in ya girma. Tukur ya ɗaga mini ƙofa na hau, ya zaga ya zauna, ya yi bismillah ya murɗa makullinsa. Ko tari ba ta yi ba. Ashafa ya sa ƙafa zai shigo kusa da ni.

"Ina za ka? Gaba na manya ne. Hau baya ka share bodin kafin mu isa."

Ashafa ya hau baya da tsintsiyarsa. Muna hawa titi ya leƙo ta 'yar tagar da ke bayan kanmu.

"In sojoji suka tare mu a hanya fa?"

"Sai in ce ni direba ne kawai. Ga mai motar can a baya yana shara."

Ashafa ya fashe da dariya. Tukur ma ya kama, irin wadda rabona da in ji daga bakinsa tun kafin a manna takardar nan a ƙofar ofis. Yana cikin dariyar ya taka kuloci sau biyu, giya ta uku ta shige salin-alin.

Ba a kira la'asar ba muna zauren Alhaji Inuwa. Tukur ya dangwala yatsa a takarda, ya goge sauran tawadar a kafaɗar rigar Ashafa, ya miƙa masa makullin. Ashafa ya ja a hankali, yana jiran gardama. Igiyar ta biyo shi.